In kashiya ta yi kuskure, aljihun wa ke biya?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun Gusau, musamman a teburin mai shayi bayan isha'i. Mutum ya shiga kanti ya yi sayayya, kashiya ta buga kuɗi ƙasa da yadda kayan suke, ko yaron shago ya miƙo masa canji fiye da ƙima, kuma ya lura tun bai bar wurin ba. Ya yi magana, ko ya ja bakinsa ya kama gabansa? Masu cewa a yi shiru suna da yawa, kuma a cikinsu akwai mutanen kirki waɗanda ko allura ba za su ɗauka a shagon wani ba. Hujjarsu ita ce ba su suka yi lissafin ba, ba su faɗi ƙarya ba, abin da aka ce su biya shi suka biya. Abin da ya rage kuwa rabo ne, tsuntsu daga sama gasasshe. Ni ina ganin wajibi ne a yi magana, kuma dalilina na farko shi ne abin da ke faruwa a shagon bayan mai saye ya tafi.

Duk wanda ya taɓa zaman shago ya san yadda ake rufe ciniki. Maigida zai zo da kansa, ko ya turo ɗansa, a ƙirga tsabar kuɗin da ke aljihun tebur, a duba alat ɗin da suka shigo, a gwada da abin da aka rubuta a littafi ko abin da kwamfuta ta nuna. In lissafi ya hau, kowa ya nufi gida. In aka sami giɓi, babu mai tambayar wane ne ya saya ko ina ya yi. Wanda ke zaune a teburin shi ake zuba wa ido, kuma a mafi yawan shagunan da na sani, daga albashinsa ake cirewa.

A ce ka kwashi kayan Naira 18,500, taliya da man gyaɗa da sukari da madara, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta juya lambobi saboda layi ya yi tsawo, ta buga 15,800. Kai ka tsira da 2,700, kuɗin da bai kai na cefanen yini guda ba a gidan mai iyali. A ce kuma albashinta 25,000 ne a wata. Wannan 2,700 ɗin ya fi guminta na kwana 3, tsayuwa daga safe har dare. Kada a ce ai mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun watan Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma shagunan Tudun Wada da Sabon Gari da Tsohuwar Kasuwa kusan duk a wannan sahun suke. Abin da maigida ya yanka shi ne albashi, kuma abin da ya ga dama ya cire.

Haka abin yake ga yaron da ke zaune a ƙarƙashin lema da na'urar POS. Sau da yawa na'urar ba tasa ba ce, jarin ma ba nasa ba ne. Da yamma zai kai lissafi ga mai ita. 'Yar Naira 100 ko 200 da ake biya a kan kowace cirar kuɗi ita ce ribar da shi da ubangidansa za su raba. In takardun 1,000 guda biyu suka manne ya miƙa maka a matsayin ɗaya, sai ya yi wa mutane da dama aiki kafin ya cike wannan gurbin. Mai zuba mai a gidan mai shi ma haka: kafin ya miƙa aiki ga na bayansa ana karanta lambar da famfo ya nuna, a kwatanta da kuɗin da ke hannunsa.

To kuɗin ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zargi. Yaron shago a ƙasar nan ba don albashi kawai yake zaune ba. Yana yi wa maigida hidima shekara da shekaru da fatan wata rana a sallame shi da ɗan jari, ko a buɗe masa shago, ko a tsaya masa a wurin 'yan sari a Kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano, a ba shi kaya bashi a kan maganar ubangidansa kawai. Duk wannan a kan amana aka gina shi. Giɓi ya fito yau, ya sake fitowa bayan sati biyu, maigida ba zai ce yaron nan ya cika kuskure ba. Zai fara cewa anya yaron nan ba shi da ɗan hali kuwa? Daga ranar da wannan tunani ya shiga zuciyarsa, makullin sito ya bar hannun yaron, aiken banki ya koma hannun wani, kuma in aka kore shi babu mai shagon da zai ɗauke shi a layin, domin magana ta riga shi isa. Ga 'ya mace abin ya fi muni. Iyaye da yawa da ƙyar suke yarda 'yarsu ta fita aikin kanti. In ta dawo gida da sunan an kama ta da giɓi, ta rasa aikin, kuma maganar tana iya bin ta har ranar da aka zo neman aurenta. Da yawa daga cikin yaran nan kuma daga ƙauyukan Maru da Anka da Tsafe da Zurmi suka shigo gari, inda 'yan bindiga suka hana noma, kuma ɗan abin da suke samu shi ke riƙe da uwa da ƙanne. Mutumin da ya fita da canjin da ba nasa ba yana jin cewa alhajin mai kanti ya ɗan rage wa riba. Alhajin kuwa ko a jikinsa, ya cire abinsa tun daren.

Kuma irin wannan kuskure ya ƙaru a 'yan shekarun nan, ba don yaran yanzu sun fi na da sakaci ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a Disambar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ma'anar wannan a shago ita ce farashin da yaro ya haddace ranar Litinin ya tashi aiki ranar Alhamis. Maigida ya bugo waya daga Kano ya ce a ƙara kaza a kan katan ɗin kaza, wani ya ji, wani bai ji ba. Ga kuma canjin takardun kuɗi na ƙarshen 2022 da ƙarancin tsabar kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, wanda ya kai Zamfara da Kaduna da Kogi suka maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli, har kotun ta yanke a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Daga wannan lokacin ne hatta mai tumatir ya koma karɓar taransifa. Yanzu mai karɓar kuɗi yana ƙirga tsaba da hannu ɗaya, yana duba waya da ɗayan, sabis yana ɗaukewa, mutum biyar suna miƙo masa fuskar wayarsu su ce duba, ya tafi. Sifili ɗaya ya ɓace tsakanin 50,000 da 5,000 ba abin mamaki ba ne.

Sai maganar addini, tunda da kalmar rabo ake kare shirun. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada muminai su ci dukiyar junansu ta hanyar ɓarna, sai dai in ciniki ne bisa yardar juna. Wannan yardar ita ke halatta kuɗin da ya bar aljihun wani ya shiga naka. To mai kanti ya yarda ya sayar maka da kayan 18,500 a kan 15,800? Bai ma san an yi ba. Yarinyar ta yarda ta biya maka cikon daga albashinta? Da ta sani da ta kira ka tun ba ka kai ƙofa ba. Kai kaɗai ka san gaskiyar lissafin, kuma ka san da an sani ba za a bar ka ka fita ba. A hadisin Hakim ɗan Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce mai saye da mai sayarwa, in suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, in kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Mun saba jin malamai suna karanta wannan hadisi a kan ɗan kasuwar da ke ɓoye aibin kayansa, kuma daidai ne. Amma su biyu aka ambata. Mai saye ma yana iya ɓoyewa, kuma shirun mutumin da ya ga lissafi ya karkace ɓoyewa ne.

Ba tsintuwa ba ce kuma. Abin tsintuwa shi ne wanda ba a san mai shi ba, shi ma shari'a ta ce a yi cigiyarsa shekara guda. Nan kuwa mai abu yana gabanka, tebur ne kawai tsakaninku.

Kada a fahimce ni da cewa samun arha laifi ne. Ka je kasuwar Talata Mafara ka taya buhun shinkafa, mai shi ya ce albarka, ka ƙara, ya sake cewa albarka, ka juya za ka tafi ya kira ka ya ce kawo kuɗi na sallama: ko da ka saya ƙasa da kowa a ranar, halak ɗinka ne, domin idonsa biyu ya sallama. Mai awo ya yi maka gyara bayan ya cika tiya, kyauta ce. Mai shago ya ce bar ɗarin, ragi ne. Bambancin duk a sani yake. Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan mas'ala ba. A Mukhtasar na Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun zamanin su Shehu, a babin cinikin da mai kaya ke faɗin yadda ya saro sannan ya ɗora riba sananniya, an kawo hukuncin mai sayarwar da ya yi kuskure ya faɗi ƙasa da abin da ya kashe. In kuskuren ya tabbata, mai saye yana da zaɓi: ya mayar da kayan, ko ya biya kuɗin gaskiya da ribarsa. Abin ya burge ni ta fuska biyu. Ba a mayar da kuskuren mai kaya ganimar mai saye ba, kuma ba a tilasta wa mai saye ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa ba. In ka yi magana aka gyara lissafi ka ga kuɗinka ba su kai ba, ka ajiye gwangwanin madara ɗaya ka tafi da sauran. Babu abin kunya a ciki.

Magabata sun wuce nan ma. An ruwaito cewa yaron sahabi Jarir ɗan Abdullahi ya taya masa doki a kan dirhami 300, mai dokin ya yarda, Jarir ya ce dokinka ya fi haka, ya yi ta ƙara masa har 800, ya ce ya yi wa Annabi (SAW) mubaya'a a kan nasiha ga kowane Musulmi. Ban ce kowa ya kai wannan matsayi ba. Abin da nake nema ya gaza haka nesa: kuɗin da aka riga aka san shi ne kuɗin kaya, a biya shi cif. Mu da muke alfahari cewa a Gusau aka fara shelar dawo da shari'a a ranar 27 ga Oktoban 1999, ya kamata mu riƙa tuna cewa babban ɓangaren littattafan fiƙihu a kan saye da sayarwa da bashi da haya da amana yake, abubuwan da ko ɗan Hisba ba ya gani sai mai yin su.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu cewa a yi shiru ita ce: ai su ma suna cutar mu. Ban raina wannan magana ba, domin gaskiya ce. Mun ga mudun da aka buga wa gindi, mun ga algus a hatsi, mun ga famfon mai da ke nuna lita 10 alhali abin da ya shiga tanki bai kai ba, mun ga tsohon kaya an ɗora masa sabon farashi da sunan dala ta tashi, kuma ta sauka ba a sauke ba. Ba mu manta 2023 ba, lokacin da wasu masu POS suka riƙa sayar wa mutane da kuɗinsu na banki da tsada. Talakan da aka tatsa haka, ranar da kuskure ya faɗo ta wajensa, zai ji kamar an rama masa ne. Sai dai ramuwa a kan wanda ya yi cutar ake yin ta. Mai famfon da ya tauye ka a hanyar Sakkwato daban, yarinyar da ta juya lambobi a kanti daban. Ko da a ce kantin ɗaya ne, wanda ya yanka farashi yana ofis ko yana Abuja, wadda za a cire wa tana kan tebur. Sannan mu tambayi kanmu yadda muke yi in kuskuren ya juyo kanmu. In aka ƙara mana 500 a rasit, ko mun kai bakin titi sai mun dawo, kuma ba ma karɓar uzurin cewa kwamfuta ce ta buga. Mun san lissafi sarai a wannan ranar.

Akwai inda nake tare da mai saye. In kanti ya manna farashi a jikin kaya ko a kan kanta, kashiya ta karɓi daidai abin da aka manna, ba aikinka ba ne ka bi kasuwa kana binciken ko sun yi arha. Farashin da aka rubuta alkawari ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana a karɓi fiye da abin da aka manna, kuma a watan Fabrairun 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye (FCCPC) ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda abin da ke kan kanta daban, abin da ake karɓa a wurin biya daban. Wanda ya ga 4,000 a rubuce aka ce ya biya 4,500 yana da ikon ya tsaya a kan haƙƙinsa. Iyakar wannan ita ce kuskuren da kowane mai hankali zai gane, kamar injin janareto a kan kuɗin fitilar caji saboda sifili ya faɗi. Nan tambaya ɗaya ta isa: wannan farashin haka yake? In mai kaya ya duba ya ce haka yake, ko ya ce kuskure ne amma na bar maka, ka ɗauka da zuciya ɗaya. Naira 10 da 20 da aka saba yafe wa juna saboda rashin canji kuwa, al'ada ta riga ta gama da su.

Yadda ake faɗa ma yana da muhimmanci, domin na ga inda gaskiyar mai saye ta zama bala'i ga wanda ya zo taimako. Mutum ya ɗaga murya a gaban layi, ya kira manaja, ya ce ku duba irin yaran da kuke ɗauka, don dai a shaida shi mai amana ne. Ya mayar da kuɗi, ya tozarta yarinya, wataƙila ma ya yi sanadin rasa aikinta. Abin da ya dace ƙaramin abu ne. Dattijo ya sunkuya ya ce, "Ɗiyata, sake duba lissahin ga, kamar akwai abin da ba ki sa ba." Saurayi ya ce wa yaron shago, "Ƙanena, ƙirga canjin ga da kyau." Su da kansu za su gano, su gyara, su ce, "Allah shi saka da alheri, Baba," kuma na bayanka a layi ma bai san abin da ya faru ba.

In sai da ka isa gida ka lura, nauyin bai sauka ba, amma ba a ce ka sa ranka a haɗari ba. Wanda ya zo sayayya daga Ƙaura ko Mafara ba zai sake hawa hanya a halin da muke ciki saboda Naira 2,000 ba. Rasit yana ɗauke da lambar waya, asusun da ka tura wa kuɗi yana nan a wayarka, direbobin tasha suna kai saƙo kullum. Ka kira ka faɗi rana da abin da ka saya, don a san giɓin ranar daga ina ya fito, sunan yaron ya wanku. Ka tambaya kuma ko an riga an cire masa. In an cire, kuɗin nasa ne, a hannunsa ya kamata su shiga. In ka yi iya ƙoƙarinka ba ka gano mai haƙƙi ba, malamai sun ce a yi sadaka da su a madadinsa. Hattara dai da masu bugo waya su ce sun turo maka kuɗi bisa kuskure: ka duba abin da ke cikin asusunka tukuna, domin alat na bogi ya yi yawa.

Masu shaguna kuma suna da nasu kason, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Wanda ya tsayar da yaro ɗaya awa 12 a kan tebur, bai koya masa aiki da na'urar ba, bai rubuta farashi ba, yana canza shi ta waya, sannan duk giɓin da ya fito ya ɗora masa, shi ma ya ci haƙƙi. A fiƙihu, ma'aikacin da aka ɗauka aka damƙa wa dukiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma, a sashe na 5, ba ta yarda a yanki albashin ma'aikaci a kan asara ba sai in ganganci ko sakacinsa ne ya jawo ta, kuma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Shago nawa ne a Gusau ke bin wannan? Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda ke sasanta rigimar bashi da ta rumfa kullum, suna iya sa wannan a cikin ƙa'idojinsu: a rubuta farashi a inda yaro da mai saye za su gani, a sabunta shi ranar da aka canza, a yi lissafin rufe ciniki a gaban yaron, kuma kada a cire masa ko kwabo sai an zauna an gano ta inda giɓin ya fito.